A Ba Gwagwarmayar Matan Nijar Ɗaki A Gidan Tarihi Tun Gara Ba Ta Riga Mu Ba

Kowace shekara idan watan Mayu ya kama, ƴan kasuwar atamfa su ne na farko da ke sanin cewa ranar matan Nijar ta ƙarato. Daga Babbar Kasuwar Yamai har kasuwar Dole ta Damagaram, da ta Maraɗi da ta Tawa, za a iske mata na tambaya ko zanen 13 ga Mayu na bana ya sauka, kuma nawa ne turmi. Teloli su kwana bisa keke, masu kitso da masu ƙunshi su samu ciniki, ranar biki a yi anko, a saurari jawabin hukumomi, a ci a sha a watse. Bayan wata biyu zanen ya koma na shiga madafa, bayan shekara ya zama majanyi ko tsumman goge tebur. Ba mu ga laifin biki ba, kuma ba mu ƙi ƴan kasuwa su samu ba. To amma a tsayar da ƴan mata goma cikin waɗanda suka sha ankon, a tambaye su abin da ya faru ranar 13 ga watan Mayu har aka keɓe ta, sannan a ƙirga nawa za su iya ba da amsa. Wannan ita ce damuwar da ta sa muka ɗauki alƙalami yau.

Ga abin da ya faru, domin wanda bai sani ba ya sani, wanda ya manta ya tuna. A shekarar 1991, zamanin mulkin Janar Ali Shaibu, an kafa kwamitin da zai share fagen babban taron muhawarar ƙasa, taron da zai buɗe ƙofar mulkin jam'iyyu da yawa. Cikin mutum 68 da aka sa a kwamitin, mace ɗaya ce tak. Ranar Litinin 13 ga watan Mayu, dubban mata suka fito titunan Yamai, suka yi jerin gwano zuwa ofishin firaminista Aliyu Mahamidu, suna cewa ba za a zauna a yanke makomar ƙasa ba alhali an bar fiye da rabin jama'arta a bakin ƙofa. Ba su koma gida hannu rabbana ba, domin an ƙara mata 5 cikin kwamitin. Taron ya buɗe ranar 29 ga watan Yuli, ya rufe ranar 3 ga watan Nuwamba, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu, kuma a shekarar 1992 gwamnati ta ayyana 13 ga Mayu a matsayin ranar matan Nijar.

Tafiyar ba ta tsaya nan ba. A zaɓen 1999 mace ɗaya ce ta shiga majalisar dokoki mai kujera 83. Ƙungiyoyin mata suka ci gaba da matsa lamba har aka kafa dokar kaso a watan Yunin 2000, wadda ta ce dole kowane jinsi ya samu aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, da kashi 25 na muƙaman da ake naɗawa. Da aka yi zaɓen 2004, mata 14 suka zama ƴan majalisa cikin 113. A 2014 aka ɗaga kason kujerun zaɓe zuwa 15, a 2019 kuma ya kai 25, na naɗe-naɗe ya kai 30. A 2011 Madam Bayar Mariyama Gamace ta zama mace ta farko da ta tsaya takarar shugabancin ƙasa. Tun bayan sauyin mulki na watan Yulin 2023 ƙasa ta shiga wani sabon babi, ana maganar sake gina ta daga tushe. Duk ranar da za a sake zama domin rabon kujeru da nauyi, wannan tarihi shi ne hujjar da mata za su riƙe a hannu. Ƴar kasuwa kuwa ta fi kowa sanin cewa mai bin bashi da ba ta da shaida, baki kawai take ɓatawa.

To ina shaidar take? Ina allunan da matan suka ɗaga a ranar? Ina ƙyallayen da aka rubuta buƙatunsu a kai, da hotunan da masu hoto suka ɗauka, da kaset-kaset na muryoyinsu? Ina zanen shekarar farko da aka fara buga wa ranar, da na shekarun da suka biyo baya? Abin da ya saura daga cikin waɗannan kaya yana warwatse a hannun masu shi, wani cikin kwalla ƙarƙashin gado, wani cikin akwatin ƙarfe tare da kayan aure, wani cikin kwali a lungun ofishin wata ƙungiya. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za a tattara su wuri guda, a keɓe musu ɗaki na musamman a gidan tarihi na ƙasa da kuma gidajen tarihi na jihohi, kuma matan da kansu, musamman na kasuwa, su ne ya kamata su fara wannan aiki ba tare da sun jira kowa ba.

Ƙasarmu ta san darajar ajiya. Tun 1959 aka kafa gidan tarihi na Yamai, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama. Duk wanda ya taɓa kai yaransa can ranar salla ya san akwai namun daji, da tufafin ƙabilunmu, da kayan kiɗa, da ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a jihar Agadas, da ɗakin da ke bayanin ma'adinin yuraniyom. Lokacin da wata babbar mota ta banke itacen nan na Tenere a 1973, ba a bar kututturensa cikin rairayi ba, an ɗauko shi tun daga sahara aka kawo Yamai aka yi masa rumfa, har yau ana zuwa kallonsa. Mun yaba da wannan. Idan busasshen itace ya cancanci a yi masa irin wannan tafiya, to allon da wata uwa ta ɗaga cikin zafin watan Mayu domin a saurari ɗiya mata bai kamata ya ƙare a murhu ba.

Waɗanda suka riga mu a wannan hanya ba su jira gwamnati ba. A Ingila, matan da suka yi fafutukar samun ƴancin jefa ƙuri'a sun sha wuya ƙwarai. Emmeline Pankhurst ta kafa ƙungiyarta a birnin Mancesta a 1903, kuma kafin yaƙin duniya na farko an kulle fiye da mata 1,000 a gidan kaso saboda wannan fafutuka, da yawa daga cikinsu suka yi yajin cin abinci ana ɗura musu da ƙarfi. A 1918 aka ba matan da suka kai shekara 30 damar zaɓe bisa wasu sharuɗɗa, a 1928 aka daidaita su da maza. Abin lura shi ne tun a 1926, ana tsakiyar tafiya, tsofaffin ƴan gwagwarmayar suka kafa wata ƙungiya domin adana tarihinsu. Kowace ta kawo abin da ke cikin akwatinta: wasiƙun da aka rubuta daga kaso, lambobin yabo da ƙungiya ke ba wadda ta yi yajin cin abinci, tutoci masu launin shunayya da fari da kore, hotuna da jaridu. A 1950 suka miƙa kayan ga gidan tarihin birnin Landan. Cikin su akwai wani babban ƙyalle da aka ɗinka sa hannun mata 80 da suka yi yajin cin abinci a gidan kason Holloway. Yau babu wanda zai tashi a Ingila ya ce wa yarinya kyauta aka ba kakanninta ƙuri'a, domin za ta iya zuwa ta ƙirga sunayen da idonta. Gani ya kori ji.

Kada a ce wannan aikin Turawa ne masu kuɗi. A Senegal, wata ƴar jarida da ta daɗe tana aikin rediyo, Annette Mbaye d'Erneville, ita da abokan tafiyarta suka buɗe gidan tarihin mata mai sunan Henriette Bathily a tsibirin Gore a 1994, daga baya aka mayar da shi cikin birnin Dakar. A Mali, malamar tarihi Adam Ba Konare ta kafa gidan Muso Kunda a Bamako a 1995, sunan da a harshen Bambara ke nufin ɓangaren mata. Waɗannan ƙasashe ne irin tamu, kuɗinmu ɗaya, matsalolinmu kusan ɗaya. Bambancin kawai shi ne an samu mata da suka ce ba za su bari a binne tarihinsu tare da su ba.

Ga ƴan kasuwa kuma, labarin da ya fi kusa da su yana Abekuta, a kudancin Najeriya. A shekarun 1947 da 1948 dubban matan kasuwa suka haɗa kai ƙarƙashin jagorancin Funmilayo Ransome-Kuti, suka ƙi amincewa da harajin da aka ɗora wa mata da kuma ƙwace musu kaya da ake yi da sunan kayyade farashi. Sun yi ta zaman dirshan a ƙofar fada har sarkin garin, Alake Ademola, ya sauka daga gado a farkon 1949, aka kuma janye harajin. Yawancin matan nan ba su yi boko ba. Abin da ya sa aka san labarinsu dalla-dalla shi ne shugabarsu ba ta zubar da takarda: wasiƙu, koke-koke, bayanan taro, duk ta adana, kuma suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan, gidan iyalinta na Abekuta ma an mayar da shi gidan tarihi. A ƙasar Hausa ta Najeriya kuwa akwai Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, ƴar jam'iyyar NEPU, wadda aka kulle sau 16 saboda neman a ba matan arewa damar zaɓe da yaƙi da auren dole. Ta rasu a 2001, kuma an sa wa wani asibiti sunanta a Zariya. Matan arewacin Najeriya ba su samu ƙuri'a ba sai cikin shekarun 1970, alhali a nan gida dokar 1956 ta riga ta ba kowa, mace da namiji, damar zaɓe. Ƴan matanmu nawa ne suka san da haka?

Muna da misalin abin da rashin ajiya ke jawowa. Babu ɗan Nijar da bai san sunan Sarauniya Mangu ta Lugu ba, wadda ta tsaya gaban rundunar Bule da Shanuwan a 1899 a ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi. Amma abin da ya kai sunanta duniya shi ne littafin da Abdullahi Mamani ya wallafa a 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986 wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Sauran abin da aka sani ya fito ne daga bakin dattawa da kuma ɗan abin da sojojin da suka yaƙe ta suka rubuta. Shi ya sa har yanzu masana ke ja-in-ja a kan ina gaskiya ta tsaya, ina ƙagen marubuci ya fara. Mutanen wancan zamani suna da uzuri, ba su da na'urar hoto, ba su da rakoda. Mu da kowa ke yawo da salula a hannu, wane uzuri za mu ba jikokinmu idan labarin 1991 ya koma tatsuniya?

Idan muka ce gwagwarmayar mata, ba jerin gwanon Yamai kaɗai muke nufi ba. A wannan shekara ta 1991 ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, da tallafin ƙungiyar CARE, bisa tushen adashen da iyayenmu suka saba yi. Mata su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, a ba mai buƙata rance ta juya ta mayar da ɗan ƙari, in lokaci ya cika a raba. Wannan dubara da ta tashi daga ƙauyukanmu ta bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, kuma wasu matan da suka koyi magana a gaban jama'a a wurin zubi sun kai ga tsayawa takara har sun ci kujerun kansiloli. Akwatin ƙarfen nan mai kwaɗo uku, wanda mata uku dabam-dabam ke riƙe da mabuɗansa domin kada wata ta buɗe ita kaɗai, ya cancanci a ajiye irinsa na farko-farko inda kowa zai gani, tare da littafin zubi da sunan ƙauyen da ya fito.

Haka nan shari'ar Hadizatu Mani ta ƙasar Ƙonni, wadda aka sayar da ita tana da shekara 12, a 1996, a kan jika 240, aka mayar da ita wahaya. Da taimakon ƙungiyar Timidriya ta kai ƙara kotun CEDEAO, kuma ranar 27 ga watan Oktoba na 2008 kotun ta yanke cewa ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, ta ce a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Kwafin wannan hukunci takarda ce da ya kamata ɗan makaranta ya gani a bango, a fassara masa ita da harshensa. Akwai katunan ƙungiyar matan Nijar ta AFN da aka kafa a 1975 zamanin Seini Kunce. Akwai tarihin Madam Mumuni A'ishatu, mace ta farko da ta shiga gwamnati a 1987. Akwai kuma gwagwarmayar da ba ta shiga jarida, wato ta mai sayar da tumatir da aka tasa daga bakin hanya ta haɗa kan ƴan uwanta suka je ma'aikatar magajin gari neman wuri, da ta matan da suka rubuta koke a kan tikitin kasuwa da patanti, da ta masu fatauci da ke fama da shingayen hanya tsakanin Maraɗi da Jibiya ko Damagaram da Kano. Tsofaffin tikitoci, takardun koke, littattafan ƙungiyar ƴan rumfa, duk shaida ce ta yadda mace ta nemi haƙƙinta a ƙasar nan.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ya dace a saurare su. Na farko za su ce ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, wa ke ta tsohon zane? Gaskiya ne ciki shi ne gaba. Sai dai abin da muke nema a matakin farko ba ya cin buhun hatsi ko ɗaya. Ɗaki ne guda cikin ginin da ke akwai, da ƴan akwatunan gilashi, da mutum biyu ko uku masu riƙon amana. Kuɗin da ake kashewa a kan rumfuna da kujeru da lemo na bikin shekara ɗaya zai iya fara aikin. Kuma yunwa za ta iya wucewa a yi girbi, amma tsohuwar da ta rasu da labarinta ba ta dawowa.

Na biyu za su ce maganar haƙƙin mata baƙuwar aba ce da aka shigo da ita domin a raba mu da addini da al'ada. Ga waɗannan muna cewa gidan tarihi ne ma zai raba gardama. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar da yau take jihar Tawa, kuma ya yi rubutu yana zargin malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin ƴan taru, inda take naɗa dattijai mata da ake kira jaji, ta ba kowace malfa a matsayin alamar izini, su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. An san aikinta ne saboda zuriyarta a gidan Wazirin Sakkwato sun adana rubuce-rubucenta fiye da shekara 100. A masarautunmu kuma akwai sarautar Iya a Maraɗi da ta Inna a Tsibirin Gobir, da Magajiya a garuruwa da dama. Mace mai faɗa a ji ba daga jirgi ta sauko mana ba. Ɗakin da muke nema ya fara daga nan, ya kuma ajiye har da takardun waɗanda suka yi adawa, kamar muhawarar da aka yi a kan dokar iyali cikin shekarun 1990. A ajiye maganar kowane ɓangare yadda ya faɗe ta, na baya su karanta su yi hukunci.

Na uku za su ce ƴan siyasa da matan manya za su mamaye abin, ya koma wurin rataye hotunansu. Wannan tsoro yana da tushe, domin mun sha ganin inda talaka ta yi wahala, mai babban gyale ta karɓi tafi. Maganinsa shi ne kwamitin da zai kula da kayan ya ƙunshi wakilan matan kasuwa, da na Mata Masu Dubara, da malaman tarihi, kuma a kafa ƙa'ida tun farko cewa abin da mutum ya yi ake dubawa, ba muƙamin mijinta ba. Wadda ta dafa abinci ta kai wa masu jerin gwano, da wadda ta rufe rumfarta ta bi sahu, sunansu ya shiga daidai da na wadda ta riƙe lasifika.

Abin da ya sa muke gaggawa shi ne abokan gaba uku da ba su barci. Na farko gara da zafi da ƙura, masu cin takarda da zane, masu narkar da zaren kaset har ya manne. Na biyu wuta da ruwa. Ƴan kasuwa ba su manta gobarar Babbar Kasuwar Yamai ta 1982 ba, ko ta Ƙaramar Kasuwa ta 2012, kuma kowa ya ga yadda ruwan daminar 2024 ya rusa gidaje a jihohi da dama, har tsohon masallacin Birni na Damagaram da ya haura shekara 150 ya faɗi. Duk ɗakin da ya rushe, akwai akwatin da ya tafi da shi. Na uku shi ne ajali. Matar da ke da shekara 30 a ranar jerin gwanon ta haura 60 yanzu, kuma da yawa cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. In an zo rabon gado, ana ƙirga zinariya da tukwane da atamfar da ba a ɗinka ba, amma tsohon hoto da takarda sai a share su tare da shara.

Saboda haka muna kira ga iyayenmu da yayyenmu mata da su buɗe kwalla da akwati su duba. Wadda ke da zanen 13 ga Mayu na kowace shekara, ta ware falle ɗaya ta wanke ta shanya ya bushe sarai, ta naɗe shi cikin farin ƙyalle, ta ɗaga shi daga ƙasa. Hoto a juya bayansa a rubuta da fensir sunayen waɗanda ke ciki, da gari, da shekara. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗiyarta ko jikarta. Kada a liƙa hoto da gam, kada a ajiye takarda cikin leda inda gumi zai kama ta. Hoton da ba suna, bayan shekara 20 ya zama hoton baƙi.

Muna kira ga dillalan atamfa, Alhazai da Hajiyoyi, da ke sauke zanen kowace shekara, su riƙa cire yadi ɗaya su ajiye da shekararsa. Wanda ke da ragowar tsofaffin shekaru a sito ya fito da su. In aka jera zannuwan nan bi da bi, za a karanta taken kowace shekara, a ga abin da aka yi alkawari da abin da aka cika. Kuma idan ƙungiyoyin ƴan kasuwa suka amince a riƙa cire ko dala biyar daga ribar kowane turmi a zuba asusun wannan aiki, ba za a je roƙon kowa ba.

Muna kira ga ƴan makaranta da ɗaliban jami'a su zauna da kakanninsu su ɗauki muryarsu da salula. A fara da suna da gari da ranar da aka ɗauka, a nemi izininta, sannan a bar ta ta yi magana da harshenta ba tare da an katse ta ba. A tambaye ta wa ya kira ta, me mijinta ya ce, wa ya riƙe mata rumfa, me ta ji tsoro. A kwafe muryar a wuri biyu, domin salula na faɗawa ruwa. A Yamai akwai cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka, da cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, waɗanda suka daɗe da sanin yadda ake adana murya. Haka su ma gidajen rediyo da talabijin, na gwamnati da masu zaman kansu, da tsofaffin masu ɗaukar hoto na gari: kafin a zubar da kwalin tsofaffin kaset domin a samu wuri, a saurara, a mayar da su cikin kwamfuta. Mu ma'aikatan rediyo mun san cewa hirar da aka yi da wata shugabar mata shekara 25 da suka wuce, wataƙila ita kaɗai ce muryarta da ta saura a duniya.

Ga hukumomin al'adu da shugabannin gidajen tarihi na Yamai da Damagaram da Doso, muna roƙon su buɗe ƙofa, su kuma kwantar wa masu kaya hankali. Mace ba za ta saki abin da ta riƙe shekara 30 ba sai ta tabbata ba zai ɓace ba. Duk wadda ta kawo abu a ba ta takardar shaida mai hatimi, a rubuta ko kyauta ta bayar ko aro, a sa sunanta kusa da kayan in ta yarda. Wadda ba ta son rabuwa da nata, a ɗauki hotonsa a mayar mata. A rubuta bayani da Hausa, wadda ta zama harshen ƙasa a 2025, da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunanmu, a kuma sa murya domin wadda ba ta karatu ta ji da kunnenta. Kada kayan su tsaya Yamai kaɗai: a riƙa ɗaukar kwafinsu ana kai wa Maraɗi da Tawa da Tasawa da Madawa ranar kasuwa, inda masu tarihin suke. Muna kuma jan kunnen jama'a game da masu yawo suna sayen tsofaffin kaya da ƴan kuɗi kaɗan su fitar da su waje. Abin da ya tsallake iyaka, sai dai jikokinmu su nemi biza kafin su gan shi.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Kafin 13 ga Mayu mai zuwa, kowace ƙungiyar mata ta kasuwa ta zaɓi mutum biyu masu amana, su bi rumfa-rumfa da littafi suna rubuta wa ke da me. Ko ba a samu ɗakin ba tukuna, a ranar bikin a shimfiɗa tabarma a gefen fili, a baje abin da aka samu, a zaunar da dattijai su ba yara labari kafin a buga ganga. Daga nan ne hukuma za ta ga cewa da gaske ake. Allah ya saka wa matan da suka fito a 1991 da alheri, ya gafarta wa waɗanda suka rasu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.